Gajeriyar hanya ba ita ce hanyar Balma ba

A kusan duk jami'ar da ake koyar da ilimin kwamfuta akwai wani aiki da ɗalibi ba ya tsallake shi. Malami zai ɗiga ɗigo shida ko bakwai a kan allo, ya laƙaba wa kowanne harafi, ya haɗa su da layuka, ya rubuta lamba a gefen kowane layi, sannan ya ce a je a rubuta manhajar da za ta gano hanya mafi gajarta daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe. Ɗalibi ya kwana uku yana kokawa da Python ko Java, manhaja ta fitar da amsa, a duba a ga ta yi daidai da wadda ke hannun malami, a ba da maki, a wuce babi na gaba. Aikin yana da kyau a matsayin matakin farko. Amma idan jami'ar tana Agadas ne, garin da ya shafe fiye da ƙarni biyar yana cin abinci da sanin hanya, to tsayawa a kan waɗannan ɗigo bakwai asara ce babba. Ya kamata aikin ya sauko daga allo ya taka ƙasa, kuma ranar da ya taka ƙasa za a tarar cewa ɗalibin kwamfuta ba zai iya kammala shi ba sai da ɗalibin kimiyyar harshe a gefensa.

Shi kansa fannin daga ƙasa ya taso. A birnin Konisbag na tsohuwar daular Furusiya, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha, kogi ya raba gari kashi huɗu, gadoji bakwai kuma suka haɗa sassan. Mutanen garin sun daɗe suna tambayar ko mutum zai iya fita yawo ya bi ta kan kowace gada sau ɗaya tak. A 1736 Leonhard Euler ya nuna cewa ba zai yiwu ba, kuma hanyar da ya bi ta fi amsar daraja. Ya yi watsi da tsawon gadojin da faɗin kogin da siffar unguwannin, ya bar abu biyu kawai, wato wurare da abin da ya haɗa su. Duk sashen da mai yawo zai ratsa sai ya shiga ta wata gada ya fita ta wata, don haka gadojinsa dole su rabu biyu-biyu ba saura, in ban da sashen farawa da na ƙarewa. A Konisbag kuwa sassa uku gadoji uku-uku ne da su, na huɗun biyar. Wannan ƙwarangwal na wurare da mahaɗansu shi za a kira raga a nan: kowane wuri ƙulli ne, kowane mahaɗi zare ne, lambar da aka ɗora wa zare kuma nauyinsa ke nan.

Bayan shekara 220, a 1956, wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna Edsger Dijkstra yana neman misalin da zai nuna wa jama'a ƙarfin wata sabuwar kwamfuta da ake kira ARMAC a birnin Amsterdam. Ya zaɓi tambayar da kowa zai gane: wace hanya ce ta fi gajarta daga Rotterdam zuwa Groningen? Ya yi amfani da taswira mai garuruwa 64. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa cikin kimanin minti ashirin ya tsara dabarar, yana zaune a wurin shan gahawa, babu takarda babu alƙalami. Sai a 1959 aka buga ta. Ga yadda take aiki. Ƙullin da za a tashi daga gare shi a ba shi sifili, sauran duka a ɗauka ba a san nisansu ba. A kowane mataki a ɗauki ƙullin da ya fi kusa cikin waɗanda ba a gama da su ba, a leƙa maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya, a tambaya: in an biyo ta nan, jimillar za ta gaza wadda aka rubuta musu a baya? In za ta gaza, a goge tsohuwar a rubuta sabuwa. Daga nan a rufe wannan ƙulli, ba a sake waiwayarsa. Haka lissafin zai yi ta bazuwa kamar ruwan da aka zuba a daɓe, har ya taɓa inda aka nufa. A 1968 Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael suka ƙara masa hange a Amurka, lokacin da suke koya wa wani mutum-mutumi mai suna Shakey yawo tsakanin ɗakuna: maimakon lissafin ya bazu ta kowace fuska, sai ya fifita ƙullayen da ƙiyasi ya nuna sun fi kusa da masauƙi. Ita ce dabarar da ake kira A*.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, duk waɗannan dabaru ba su tambayar daga ina lambobin suka fito. Abin da aka ba su shi suke tarawa. A Holan wannan ba matsala ba ce: hanyoyin an auna su, kowane gari sunansa a rubuce yake a allon bakin titi, kuma Groningen ba ta ƙafewa da rani.

Tsakanin Agadas da Balma akwai kimanin kilomita 550 a miƙe, fiye da rabinsu a cikin Tenere. Bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ayarin raƙuman Abzinawa kan ɗauki gero su nufi Fashi da Kawar, su juyo da kantun gishiri da dabino, daga baya su gangara kudu zuwa Damargu da sauran ƙasar Hausa. Manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na wannan fatauci, amma ayarin bai mutu ba. Akwai masu bi ta rijiyar Bishiyar Tenere su faɗa Fashi sannan Balma, akwai masu bi ta arewa ta rijiyar Ashegur su sauka Kawar. Kafin a shiga rairayi ana yankan ciyawa a ɗaure dami-dami, domin a ciki babu abin da raƙumi zai ci, har a kan ajiye wasu damman a hanya saboda dawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke riƙe da wannan lissafi duka shi ne madugu, kalmar da Abzinawan ma suke amfani da ita, kuma tambayar da ke hana shi barci daban take da ta Dijkstra. Jimillar tafiyar ba ta dame shi kamar yadda abu ɗaya ya dame shi ba: a cikin zangunan nan, wanne ne mafi tsawo da babu ruwa, kuma salkunan da ke rataye za su kai?

A ɗauki misali na ƙirƙira domin a ga bambancin. Gari biyu, hanya biyu. Ta farko kilomita 300 ce, fayau, babu rijiya ko ɗaya. Ta biyu kilomita 380 ce, amma rijiyoyi uku sun yanka ta kashi huɗu, kowane kashi kilomita 95. Ayarin da ke cin kilomita 40 a yini zai kwashe kwana bakwai da rabi a ta farko bai ga ruwa ba. A ta biyu zai yi kwana tara da rabi, amma ba zai taɓa cika kwana biyu da rabi tsakanin rijiya da rijiya ba. Manhajar da ta ci maki cikakke a aji za ta zaɓi ta farko, kuma ba ta yi kuskuren lissafi ba ko kaɗan. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan shari'a tun da suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Abin sha'awa shi ne gyaran bai wuce layi ɗaya ba. Inda manhaja ke tara nauyi a kan nauyi, sai a ce ta riƙe mafi girma daga cikinsu kawai. Nan take ta koma neman hanyar da zangonta mafi muni ya fi na sauran sauƙi. Ko kuma a fara da tsinke duk zaren da ya wuce abin da salka za ta iya ɗauka, sannan a saki dabarar Dijkstra a kan abin da ya rage. Ɗalibin da ya gano wannan da kansa, don wani tsohon madugu ya yi wa amsar manhajarsa dariya, ya fahimci dabarar fiye da wanda ya haddace ta. In aka ƙara matsawa, aka ce ba kowane masauƙi ke da ruwa ba, kuma ga ciyawa ga man mota duk suna raguwa tare, sai matsalar ta shiga jerin waɗanda har yau masana lissafi ba su san wata dabara mai sauri da ke warware cikakkiyar siffarsu ba. Ke nan daga ƙofar gida ake iya hango iyakar fannin.

Ragar Tenere kuma ba ta zama wuri ɗaya. Bishiyar da ta ba rijiyar nan suna, wadda ta tsaya ita kaɗai kimanin kilomita 240 gabas da Agadas, ta yi shekaru tana zama alamar ayari har masu zana taswira suka sa ta a takarda kamar gari. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta kuma aka kafa wata ta ƙarfe. Wannan ƙulli ya yi sa'a, an san ranar da ya faɗi. Rijiya kuwa takan rufta, ko rairayi ya binne ta, ko ruwanta ya ja baya, ba tare da wata jarida ta ba da labari ba. Wanda ya sani shi ne wanda ya kwana can makon jiya.

Akwai kuma lokacin da nauyin zare ke canzawa alhali ko ƙwayar rairayi ba ta motsa ba. A watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita da ƙarfi daga 2016. Kafin nan motocin da ke zuwa Libiya sukan tashi daga Agadas ran Litinin cikin jerin gwano da rakiyar sojoji, su bi ta Dirku da Sigidin da Madama, inda akwai ruwa kuma akwai mutane. Da aka fara kama direbobi ana ƙwace motoci, sai waɗannan wurare suka zama abin gudu. Direba ya ci gaba da neman hanya mafi sauƙin nauyi, sai dai nauyin da yake aunawa yanzu shi ne haɗarin kamu, saboda haka ya ratse nesa da rijiyoyi. Fasinjan da ke bayan motar, da shi aka ba alƙalami, da wani nauyi dabam zai rubuta. A tsakiyar 2017 mutum 44, akasarinsu ƴan Gana da Nijeriya, sun mutu da ƙishirwa bayan motarsu ta lalace tsakanin Agadas da Dirku. Adalci ne a ce hamada ta ci mutane tun kafin dokar: a Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara da suka taso daga Arlit. Amma a 2023 ƙungiyar bincike ta Border Forensics ta fitar da rahoto da ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da lissafin nisan da mutum zai iya takawa kafin ƙishirwa ta kayar da shi, ta nuna yadda sababbin hanyoyin suka nisanta matafiya daga inda za su sami ceto. Irin lissafin da ake koyarwa a aji ne, aka ɗora shi a kan rayukan mutane. Gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a Nuwamba 2023, nauyin zarurrukan ya sake juyawa. Ɗalibin da zai fita daga Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, yana ɗauka cewa lambar da ke gefen layi gaskiya ce da ta faɗo daga sama, bai san garin da ya yi karatu a ciki ba. Kowane nauyi wani ne ya zaɓe shi, don wata bukata tasa.

A nan ne maganar ta iso sashen harshe. Kafin a auna zare sai an san ƙullayen da ya haɗa, ƙulli kuma a wurin kwamfuta suna ne. Garin da ake magana a kansa ma ana rubuta shi Agadez, Agadès, Agades da Agadas. Balma ce Bilma. Ingal takan fito In Gall ko In-Gall ko Ingall. Abin da Bafaranshe ya rubuta da «ch» Bahaushe da «sh» yake rubuta shi, amma wanda ya yi makaranta a Nijeriya in ya ga Fachi sai ya karanta Faci. In kuwa aka gyara aka rubuta Fashi, sai ya yi karo da wata kalma da babu ɗan ayarin da ke son jin ta. Tchirozérine Cirozerin ce, Tanout Tanut ce. Manhajar da aka zuba wa bayanai daga taswirar Faransawa da rahoton ƙungiyar agaji da bakin direba za ta ƙirƙiri garuruwa uku inda akwai ɗaya, ta kuma ba da rahoton cewa babu hanya tsakaninsu.

Masu kwamfuta suna da magani na rabin cutar, kuma ya kamata ɗaliban harshe su san shi domin ɗan gida ne. A 1965 Vladimir Levenshtein ya tsara awon tazara tsakanin kalma biyu: sauyi nawa ake bukata, na ƙara harafi ko cire shi ko musanya shi, kafin wannan ta koma waccan. Tsakanin Agadez da Agadas sauyi biyu ne. Wannan awo shi ma neman gajeriyar hanya ne a cikin raga, sai dai ƙullayen a nan guntayen kalmomi ne. Haka dabarar Andrew Viterbi ta 1967, wadda aka daɗe ana amfani da ita wajen sa na'ura ta gane magana ko ta tantance rukunin kalma a jimla. To amma awon Levenshtein a tsirararsa yana ɗaukar duk musanya daidai da juna. Masanin tsarin sauti ne zai ce musanya «ou» da «u» a sunayen Nijar bai kamata ta ci ko sisi ba, haka «ƴ» ta rubutun Nijar da «'y» ta Nijeriya, amma musanya «k» da «ƙ» tana iya raba kafa da ƙafa. Sauran rabin cutar kuwa babu lissafin da zai taɓa shi. Babu adadin sauyin haruffa da zai nuna cewa Zinder ita ce Damagaram, ko Ayir shi ne Abzin, ko Fashi ita ce wadda wasu mutanen yankin ke kira Agram. Wannan sai an tambaya, kuma yankin Agadas wuri ne da Hausa da Tamashek da Tubanci da Barbarci da Larabci da Fulatanci suke gogayya, ga Tasawak a Ingal. Rijiya ɗaya tana iya amsa suna uku.

Bayan suna sai awo. Madugu ba ya magana da kilomita. Zai ce tafiyar yini ce, ko kwana uku, ko in an tashi da asuba a isa da hantsi. Yinin wa? Na raƙumin da ke ɗauke da gero a tafiya, ko na wanda ya sha wahalar Tenere ya juyo da gishiri? In amsar ta bambanta, to zaren nan nauyi biyu gare shi, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kuma dole a gina ragar da kibiyoyi. Sannan duk wanda ya taɓa tambayar hanya a ƙauye ya san abin da «nan kusa ne» ke iya nufi. Mafi muhimmanci ita ce ƴar ƙaramar kalmar nan «wai». Tsakanin «akwai ruwa a rijiyar, na sha shekaranjiya» da «wai akwai ruwa» akwai tazarar da ta kai ta rai da mutuwa, kuma ɗalibin da bai saba sauraron irin wannan ba zai rubuta duka biyun a matsayin «akwai». Wanda aka horar da ɗaukar magana da rubuta ta yadda aka faɗe ta, da lura da wa ya faɗa, yaushe, kuma gani ya yi ko ji, shi ne zai iya mayar da hira ta zama bayanan da za a dogara da su. Irin horon da ake ba ɗalibin harshe ke nan tun daga darasin binciken fili.

Ko kalmomin fannin ma aiki ne da ke jiran masu shi. An zaɓi raga da ƙulli da zare a wannan rubutu ne don sun dace da juna, ba don wani kwamiti ya amince da su ba. Kalmar da ta fi zuwa baki ita ce zango, sai dai tana da wani hali: zango shi ne wurin da ayari ya sauka, kuma shi ne tazarar da ke tsakanin masauƙi biyu. Wato ƙulli ne kuma zare ne a lokaci ɗaya, abin da ya ishi ɗan ayari amma zai rikita manhaja. (Kalmar ta yi tafiya ita ma: ta zama unguwannin Zongo a Kumasi da Ankara ta Gana, ta kuma zama zangon karatun da ɗalibi ke jiran ƙarshensa.) A gefe guda Hausa ta riga ta rarrabe nau'o'in hanya rarrabewar da mai zana taswira zai yi murna da ita: gwadabe mai faɗi, turba, burtalin da shanu ke bi tsakanin gonaki, lungu, kwararo, mararraba, yanke. Shi kuwa algoridim, sunan Alkawarizmi ne, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na tara, ya zaga ta Latin ya dawo. Babu dalilin jin kunyar aronsa.

Za a iya cewa duk wannan ya yi wa mai koyo yawa, ɗigo bakwai ɗin an yi su ne don kada hayaniyar duniya ta rufe ainihin dabarar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai cewa a jefar da allo. Makon farko na allo ne. Matsalar ita ce sau da yawa makon farkon shi ne na ƙarshe, kuma a yau da ɗakin karatun manhaja irin NetworkX ke fitar da gajeriyar hanya da umarni guda, ga kuma na'urorin da ke rubuta manhajar gaba ɗaya in an roƙe su, aikin da ya tsaya a nan ba ya auna komai sai iya kwafa. Abin da ba a iya kwafowa daga intanet shi ne nauyin zaren da ke tsakanin unguwa biyu a Agadas.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a wuce shi da sauri ba. Taswirar rijiyoyin Tenere a cikin wayar kowa abu ne mai kaifi biyu. Tana iya amfanar ɗan fashi da mai fasa-ƙwauri. Ta fi haka haɗari ga saurayin da zai ga layi shuɗi a fuskar waya ya ɗauka ya sami madugu, alhali bayanan na bara ne kuma rijiyar ta rufta. Madugu na gaske in ya ɓata yana da abin komawa: launin rairayi, yadda iska ta kwantar da tuddai, taurari, har Abzinawa suna kiran wani rukunin taurari Amanar, wato jagora. Waya in cajinta ya ƙare shi ke nan. Akwai kuma tambayar haƙƙi, domin sanin hanya jarin mutanen da suka gada ne, kuma ba daidai ba ne a kwashe shi kyauta a kai wa duniya don ɗalibi ya sami maki. Saboda haka hanyar Balma ta zauna a aji a matsayin misalin da ake tunani a kansa, a gayyaci madugu ko tsohon direba ya yi bayani a biya shi ladan lokacinsa, amma kada aikin ɗalibai ya zama manhajar ratsa hamada da za a saki. Halin tsaron yankin ma bai ba da damar tura ɗalibai can ba.

Filin da ya dace yana cikin gari. Tsohon birnin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, unguwanni goma sha ɗaya ne masu karkatattun iyakoki, an ce sun bi sawun yadda ƙabilu suka kafa tantunansu tun zamanin da aka kafa sarautar Abzin a ƙarni na 15. Lungunansa ba su san layi miƙaƙƙe ba, kuma hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27 ita ce alamar da kowa ke kwatance da ita. Sunayen unguwannin kansu darasi ne: Katanga, Amdit, Obitara, Unguwar Bayi, Huguberi, wasu Hausa, wasu Tamashek, wasu kuma ragowar wani harshe dangin Songai da Heinrich Barth ya tarar ana yi a garin lokacin da ya zo a 1850, wanda yau Hausa ta maye gurbinsa. Ƙungiyar ɗalibai huɗu, biyu daga kwamfuta biyu daga harshe, za ta iya ɗaukar unguwa guda bayan an gai da mai unguwa an nemi izini. Su bi kowane lungu su auna tsawonsa da faɗinsa, su tambayi mazauna yadda suke kiransa, su ɗauki muryar su rubuta ta da ingantacciyar ƙa'ida. Jami'ar da ba ta da sashen harshe tana iya haɗa gwiwa da wadda ke da shi, kamar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko da a lokacin hutu ne.

Daga nan sai a tambayi raga ɗaya tambaya huɗu. Wace hanya ce ta mai tafiya a ƙasa, wacce ce ta ɗan kabu-kabu, wacce ce ta ɗan garuwa mai tura kura cike da jarkoki, wacce ce kuma ta motar asibiti da ba ta shiga lungun da bai kai faɗinta ba? Amsoshin za su bambanta, kuma ta huɗun tana iya amfanar mace mai naƙuda da tsakar dare. A sake tambaya da damina, lokacin da ƙoramar Telwa ke kawo ruwa, wadda ambaliyarta ta rushe gidaje masu yawa a garin a Satumba 2009. A sake tambaya ranar bikin Bianu da jama'a ke cika tituna. Abin da aka tattara, in mazauna sun yarda, ana iya ɗora shi a OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa tun 2004, wadda ke ba da damar a rubuta wa wuri guda sunansa na Hausa da na Tamashek da na Faransanci kowanne a gurbinsa.

Rabon maki ma sai ya canza. Manhajar da ke gudu ba kuskure ta ɗauki kasonta, amma kaso mafi tsoka ya tafi ga littafin fili: jerin ƙullaye da duk sunayensu, dalilin da ya sa aka haɗe suna biyu ko aka raba su, da bayanin yadda aka sami kowane nauyi. Ranar kare aiki malamin kwamfuta da na harshe su zauna tare, ɗaya ya tsinke zare guda ya ga ko manhajar za ta nemo wata hanya, ɗayan kuma ya ɗora yatsa a kan wata lamba ya tambayi wanda ya faɗe ta, da wane harshe, a wane wata, kuma ko akwai «wai» a farkon jimlar.